Fitilar da Aka Liƙe da Salatif: Abin da Birki Ke Faɗa Kafin Ya Tsinke

"Birki ne ya tsinke." Da wannan jumla ake rufe bayanin haɗarin babbar mota a Najeriya, a rediyo da jarida da wurin zaman makoki. Da an faɗe ta, tambaya ta ƙare, kamar birki igiyar guga ce da ke katsewa farat ɗaya a tsakiyar rijiya. Amma da wuya birki ya mutu ba sallama. Mai yana raguwa, ƙafar direba tana ƙara nutsewa, mota tana ja gefe, kuma a yawancin motocin da aka ƙera cikin shekaru talatin da suka wuce akwai fitila a gaban direba da ke faɗar matsalar kwanaki ko makonni kafin ranar.

Kaka ce lokacin da wannan magana ta fi nauyi a ƙasar Rano. Daga Lausu da Rurum da ƙauyukan Kibiya, tsofaffin a-kori-kura da kanta da daf suna kwasar masara da dawa da shinkafa da gyaɗa, su bi burji su hau kwalta, su ratsa Bunkure zuwa Kano, da yawansu har kasuwar Dawanau. Mafi yawansu tokumbo ne da suka gama rayuwa guda a Turai ko Amurka kafin su fara ta biyu a nan. A allon gaban direban irin waɗannan motoci ba abin mamaki ba ne a tarar da fitila tana ci tun bara, ko an liƙa mata baƙin salatif, ko an zare ƙwanta gaba ɗaya.

A karkarar da babu injin gwada birki, wannan fitila ita ce mai duba lafiyar mota mafi araha kuma mafi gaskiya. Karanta ta ilimi ne da ba ya buƙatar digiri. Wanda kuma ya fi cancanta a tambaya in an kashe ta shi ne mai motar, wanda sau da yawa ma'aikaci ne ko ɗan kasuwa a birni da ya sayi mota ya damƙa wa direba a gida.

Ja daban, ruwan ɗorawa daban

Fitilun biyu ne, kuma kuskuren farko shi ne ɗaukar su abu guda.

Ja ita ce mai alamar motsin rai a cikin da'ira, ko kalmar Turanci ta birki a motocin da aka yi wa kasuwar Amurka. Tana magana ne kan birkin kansa, wanda ke tsayar da mota. Tun ƙarshen shekarun 1960 Amurka ta wajabta raba birkin mai gida biyu, domin in layi ɗaya ya fashe ɗayan ya riƙe, tare da fitilar da za ta sanar da direba cewa rabin birkinsa ya tafi. Sauran ƙasashe masu ƙera mota sun bi wannan tsari.

Ta biyu mai ruwan ɗorawa ce, an rubuta mata ABS. Wannan tsari ne da ke hana taya ƙamewa ta riƙa jan ƙasa in an taka birki da ƙarfi. A kowace ƙafa akwai sensa da ke ƙirga juyawar taya, sai ƙaramar kwamfuta da ke kwatanta ƙafafun, sai na'urar da ke sassauta birkin ƙafar da ta fara ƙamewa ta sake matse shi, sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. Kamfanin Bosch da Mercedes-Benz suka fito da shi kasuwa a 1978. Turai ta fara wajabta shi a manyan motoci a farkon shekarun 1990, Amurka kuma ta wajabta shi a motocin da ke jan tirela daga 1997, sannan sauran manyan motoci a 1998 da 1999. Shi ya sa tokumbo da yawa da ke aiki a kudancin Kano suke da shi, ko da masu su ba su sani ba.

Idan fitilar ABS kaɗai ta kama, kwamfutar ta ga matsala ta janye kanta, amma birki na nan yana aiki irin na da. Ana iya tafiya a hankali zuwa gareji. Idan ja ce ta kama mota na tafiya, wannan umarni ne na a tsaya.

Bin sawun jar fitila

Bincike yana farawa daga mafi sauƙi. Birkin hannu yana kunna wannan fitila, don haka a tabbatar an sauke shi har ƙasa. Ɗan makunnin da ke gindinsa kan cushe da ƙura ya maƙale. In an ɗaga an sauke, fitilar ta yi ƙyafta-ƙyafta, to matsalar a nan take, kuma ƙarama ce.

Daga nan sai kwalbar man birki. A cikinta akwai abu mai iyo da ke kunna fitila in mai ya yi ƙasa. A nan ake yin kuskuren da ya fi kowane yawa: a ƙara mai, fitila ta mutu, a ce an gyara. Man birki ba ya ƙonewa kamar baƙin mai. In ya ragu, ɗayan biyu ne. Ko dai fad ɗin birki ya cinye, man ya bi fistin ya cike gurbin da ya buɗe, ko kuma akwai yoyo. Na farko yana tafiya a hankali cikin watanni, na biyu kuwa yana iya ƙarewa a kwana guda. Jiƙewa a bayan taya, ko a jikin fayif da tiyo, ko a ƙarƙashin masta, shaida ce ta yoyo.

Akwai gwajin da kowa zai iya yi mota na tsaye. A taka birki da ƙarfi a riƙe kamar rabin minti. In ƙafa ta ci gaba da nutsewa, mai yana zurarewa, ko a waje ko a cikin masta. In birkin ya yi laushi kamar soso har sai an buga sau biyu ko uku yake kamawa, iska ta shiga layi ko shu ɗin baya ya buɗe da yawa. Motar da ke haka ba ta ɗaukar lodi.

Irin man ma abin dubawa ne. Man DOT 3 sabo ba ya tafasa sai ya haura digiri 205 a ma'aunin salshiyas, DOT 4 kuma 230. Amma man birki yana shan laimar iska. In ya tsufa, ƙa'idar ta sauko da shi zuwa digiri 140 da 155. Shi ya sa masu ƙera mota da yawa ke cewa a sauya shi duk shekara biyu. Ga abin da ke sa wannan lissafi ya zama na rai da mutuwa: mota mai nauyin tan 10 da ta sauko gangarar da tsayinta ya kai mita 100 tana zuba wa birkinta zafin da zai kai ruwa kusan lita 30 ga tafasa. In man ya tafasa ya zama tururi, ƙafa tana tafiya har ƙasa ba abin da ya kama. Bayan an huce birkin ya dawo daidai, sai a rasa abin da za a ɗora wa laifi. Ruwan sabulu da wasu ke ɗurawa a hanya yana tafasa ne a digiri 100, ga tsatsa. Baƙin mai ko man giya kuwa yana kumbura robobin birki ya lalata su duka.

Abu na ƙarshe ya shafi tsofaffin motocin dizal na Japan. A da yawansu, famfon da ke ba birki ƙarfi a manne yake a bayan altaneta, na'urar da ke cajin batir. In fambel ya tsinke, caji ya tsaya, shi ma wannan famfo ya tsaya. Fitilar batir da ta birki su kama tare, birkin kuma ya yi tauri kamar dutse bayan an taka sau kaɗan. Direban da ya ɗauka maganar batir ce kawai ya ci gaba da tafiya yana tuƙa mota mai rabin birki.

Bin sawun fitilar ABS

Abin da ya fi kunna wannan fitila ba kwamfutar ba ce, ko da yake ita ake fara zarga domin ta fi tsada. Sensa ce da wayarta. Tsohuwar sensa maganaɗisu ce da zaren waya, tana fuskantar zobe mai haƙora da ke juyawa da taya. Maganaɗisu yana tara garin ƙarfe, laka da jar ƙasar burji kuma suna cike haƙoran zoben. Wayar tana bin ƙafar mota, inda kara da kututture a gona ke fisgar ta, ko bakanike ya manta ya mayar da ita bayan ya sauya boris. Boris ɗin da ya saki ma yana sa zoben ya riƙa nesanta da sensa, kwamfuta ta rasa lissafi.

Akwai wasu dalilai biyu da aka fi rainawa. Na farko batir mai rauni ko altaneta da ba ta caji sosai, domin kwamfutar ABS kan kashe kanta in wuta ta yi ƙasa. Na biyu tayoyi masu girma daban-daban. A inda ake sayen taya tokumbo ɗai-ɗai gwargwadon aljihu, ƙafa ɗaya tana iya juyawa fiye da 'yan'uwanta, kwamfuta ta ɗauka sensa ce ta lalace.

Saboda haka tsarin binciken shi ne: fiyus da batir, sai girman tayoyi, sai wayoyi da soket na kowace ƙafa, sai a zare sensa a goge a duba zoben. Mai rewaya da ke da mita zai iya gwada tsofaffin sensa masu waya biyu, ya kwatanta hagu da dama. Wadda ta saɓa wa 'yar'uwarta ƙwarai ita ce abar zargi. Kwamfutar kanta tana ajiye lambar laifin. Tun 1996 ƙananan motocin kasuwar Amurka suke zuwa da soket mai ƙafa 16 a ƙasan sitiyari, amma ƙananan na'urorin karatu masu araha sau da yawa lambobin inji kawai suke gani, ba na ABS ba. Tsofaffin Toyota da manyan motoci da yawa kuma suna iya faɗar lambar ta hanyar ƙyaftawar fitilar kanta, ga wanda ya san yadda ake tambayar su. Duk bakaniken da ya ce a sayo sabuwar kwamfuta daga Ƙofar Ruwa bai karanta lamba ba, bai duba waya ba, canki-canki yake yi da kuɗin wani.

In duka biyun suka kama

Wannan ya fi kowane haɗari ga a-kori-kura. A tsofaffin motoci akwai bawul a ƙafar baya da ke rage ƙarfin birki in mota ba lodi. A waɗanda suka biyo baya kwamfutar ABS ce ta karɓi wannan aiki. In ta mutu gaba ɗaya, fitilun biyu kan kama tare, kuma ma'anarsa ƙafafun baya suna iya ƙamewa kafin na gaba. Motar da ta sauke buhuna a Kano ta juyo wayam bayanta ba nauyi. Taka birki ɗaya a kwana, ko a kwaltar da yayyafi ya jiƙa, ya isa ya juyar da ita. Haka kuma ƙarancin mai yana iya kunna su biyun. Don haka kwalbar mai ce wurin fara dubawa.

Daf da tirela da tifa masu birkin iska nasu lissafin daban ne. A nan jar fitila da ƙararrawa suna nufin iskar tanki ta yi ƙasa. Ƙa'idar Amurka ita ce gargaɗin ya tashi kafin iska ta sauka ƙasa da awo 60 a ma'aunin psi, kimanin ba 4. Yoyon tiyo, kwamfireso da ya gaji, ruwan da ya taru a tanki domin ba a tsiyaye shi, su ne dalilan yau da kullum. Cire wayar ƙararrawa don ta dami direba daidai yake da toshe kunne a lokacin da ake kiran gobara.

Hujjar direbobi

Direbobin karkara da ke ƙin ABS ba duka jahilci ba ne. A kan tsakuwa da rairayi da burji mai sako-sako, tayar da ta ƙame tana tara ƙasa a gabanta ta tsaya da wuri, alhali ABS yana barin ta tana juyawa. Masu ƙera motoci da kansu suna rubuta wannan gargaɗi a littafin mota: a irin wannan hanya tazarar tsayawa tana iya ƙaruwa. Direban da ke bin hanyoyin gonakin Lausu ya ji wannan da ƙafarsa. Ga kuma karkarwar da birki ke yi in ABS ya shiga aiki, wadda wanda bai saba ba zai ɗauka lalacewa ce ya ɗage ƙafa a daidai lokacin da ya kamata ya danne.

Amma hujjar ta tsaya a inda burji ya ƙare. A burji mota ba ta gudu sosai. Mutuwa tana kan kwalta, inda gudu ya ninka, kuma in gudu ya ninka sau biyu tazarar tsayawa kan ninka sau huɗu. A can abin da ABS ke saya wa direba shi ne sitiyari. Tayar gaba da ta ƙame ba ta jin juyi, mota sai ta miƙe inda ta dosa, ko ɗan acaɓa ne a gaba ko garken shanu. Kuma ko an yarda da hujjar direba kan ABS, ba ta taɓa jar fitila ko kaɗan.

Wa ke kashe fitilar?

Tun daga wurin saye ake fara ɓoye ta. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufa. Mota mai fitila a kunne farashinta yana faɗuwa, zare ƙwai kuwa aikin minti kaɗan ne. Akwai ma masu haɗa wayarta da ta fitilar baƙin mai domin ta mutu da an tayar da inji. Mai saye yana da makami: a murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba. Dole fitilun biyu su kama. Wadda ba ta kama ba, mai yiwuwa an kashe ta. A yawancin ƙananan motoci ta ABS kan mutu da kanta bayan daƙiƙu kaɗan, a wasu tsofaffin manyan motoci kuma sai an ɗan motsa.

Bayan saye sai tsarin balas. Direba yana da adadin da zai kawo wa mai mota, kuma ranar da mota ta kwana a gareji a tsakiyar kaka ranar asara ce gare shi. In ya kai ƙarar fitila, yana tsoron a ce yana neman hanyar cin kuɗin gyara. In ya yi shiru, motar dai tana tafiya. Tsarin ya koya masa shiru. Mai motar da ke zaune a ofis a Kano ko Abuja, wanda ba ya tambayar komai sai nawa aka samu, shi ne ya liƙa salatif ɗin ko da bai taɓa riƙe shi ba.

Hukuma ma da nata kason. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, jihar Kano ta kafa KAROTA a 2012, ga jami'an VIO masu ba da takardar lafiyar mota. Amma takarda tana shaida ranar da aka buga mata hatimi ne, fitila kuwa tana shaida yau. Murɗa makulli a ga ko fitilun suna kamawa suna mutuwa bai kai minti ɗaya ba, kuma ba ya buƙatar injin da za a yi odarsa daga waje. Jami'in da ya duba takarda bai leƙa allon direba ba ya bar abin da ya fi muhimmanci.

Abin da ke hannun mai mota

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa haɗarin hanya yana kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan mace-macen in aka auna da yawan jama'a. Mai kanta guda a Kibiya ba zai gyara hanya ko ya sauya doka ba. Amma akwai abin da ba ya jiran gwamnati.

Ya ware kuɗin birki daga balas, ya gaya wa direba a fili cewa ranar da jar fitila ta tsayar da mota ba za a bi shi bashinta ba. Ya sa a turo masa hoton allon gaba ta waya da makulli a murɗe, da wani bayan an tayar da inji, kamar yadda ake turo masa lissafin lodi. Kafin kaka, ba a tsakiyarta ba, ya sa a buɗe ƙafafu huɗu a duba fad da shu da tiyo, a sauya mai da wanda aka buɗe kwalbarsa a gaban idon direba. In bakanike ya ce an gyara, tambayar ita ce me ya kunna fitilar, ba ko ta mutu ba. Ƙungiyoyin kanikawa da na direbobi a tashar Rano kuma suna da ikon da ya fi na jami'in hanya: su ne suka san motar da ake loda mata mutane a saman buhuna ranar kasuwa, su ne kuma za su iya hana ta lodi.

Ba wanda ke musun ƙaddara. Amma sanannen hadisin nan na Tirmizi ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna sannan ya yi tawakkali, kuma Bahaushe ya ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Motar da ke ɗauke da buhu ɗari tana kuma ɗauke da direba da yaron mota da 'yan dako, tana ratsa garuruwan da yara ke tsallaka titi zuwa makaranta. Ƙwan fitilar da ke gaban direba bai kai kuɗin buhu ɗaya daga cikin lodin ba. Mai motar da ya bari aka zare shi ya riga ya ji gargaɗin, kuma ranar da aka ce birki ne ya tsinke, shi ya san tun yaushe ya fara tsinkewa.